Kabarin da ke Abwa'u: Tarihin Waɗanda Suka Rasa Gatan Uwa

 

Ya ku ƴan'uwa masu saurare, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da ƙauyukan da muryar nan take isa, Allah ya karɓi azuminmu. A daren jiya bayan asham wani dattijo ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da ni ya ce: "Allah ya gafarta Malam, kullum kuna wa'azin hakkin uwa, kuma gaskiya kuke faɗa. To ni fa? Ana yaye ni aka saki uwata, ta koma garinsu ta yi wani aure. Tana raye har na yi gemu, ba ta taɓa aiko wani ya ga lafiyata ba." Mutumin nan yana da furfura, yana da jikoki, amma kafin ya kai ƙarshen maganar sai da muryarsa ta sarƙe kamar ta yaro. Ban amsa masa a tsaye ba, domin irin wannan tambaya ba a amsa ta mutum yana neman takalmansa. Na ce masa ya kunna rediyonsa yau. Saboda haka karatunmu na yau tarihi ne, nasa ne, kuma na duk wanda ya tashi babu hannun uwa a kansa.

Malaman lugga sun ce Larabawa suna da suna uku a nan. Wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga shi ne yatimi, wanda uwarsa ta rasu shi ne ajiyyu, wanda ya rasa su biyun shi ne laɗimu. Hausa ta tattara su duka ta ce maraya. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, bai cika shekara 7 a duniya ba sai da ya ɗanɗani dukan ukun.

An haife shi a Makka a Shekarar Giwa, wajen shekara ta 570 ta miladiyya. Mahaifinsa Abdullahi ya riga ya rasu a Yasriba, garin da daga baya aka kira Madina, yana kan hanyar dawowa daga fatauci a ƙasar Sham. Abin da ya bari bai wuce raƙuma 5 da ɗan garken tumaki da wata baiwa Bahabashiya mai suna Baraka ba, wadda aka fi sani da Ummu Aimana. Ku riƙe sunanta, za mu komo kanta.

Al'adar manyan Ƙuraishawa ce su ba matan ƙauye jariransu, domin yaro ya sha iska mai kyau, jikinsa ya yi ƙwari, harshensa ya miƙe da Larabci tsantsa. A shekarar nan matan Banu Sa'ad suka shigo Makka neman ƴaƴan shayarwa, kuma shekara ce ta fari. Ibn Ishaƙ ya kawo labarin daga bakin Halimatu ƴar Abu Zu'aib kanta, cewa babu wadda ba a nuna wa wannan jariri ba, kuma babu wadda ba ta juya baya ba da jin cewa maraya ne, domin mai shayarwa a hannun uba take sa ran alheri. Halimatu ma ta ƙi shi da farko. Sai da ayari ya yi shirin komawa, kowace mace da ɗa a hannu ban da ita, sannan ta gaya wa mijinta Harisu cewa ba za ta koma cikin ƙawayenta hannu wofi ba, gara ta je ta ɗauko marayan nan.

Ku tsaya a nan kaɗan, ƴan'uwa. Abin da ya fara miƙa hannun Halimatu kunyar ƙawaye ce. Ƙauna daga baya ta sauka, kuma wanda ya saukar da ita shi ne wanda zukata suke hannunsa. Nono ya kawo mata bayan ɗanta na cikinta ya kwana yana kukan yunwa, tsohuwar taguwarsu da ta ƙafe ta cika hantsa, jakarta da ke jan ƙafa a bayan ayari ta wuce kowa. Da shekara 2 suka cika ta yaye shi ta kawo shi Makka, sai ga wadda ta ɗauke shi don dole tana roƙon Nana Amina ta bar mata shi, tana kawo hujjar annobar birni. Aka bar mata. Ya zauna a can yana fita kiwo da ƴan'uwansa na nono, Shaima'u ƴar Halimatu tana goya shi, har zuwa lokacin da aka tsaga ƙirjinsa, tsoro ya kama Halimatu da mijinta, suka mayar da shi ga mahaifiyarsa yana da kamar shekara 4, wasu suka ce 5.

To ku ƙidaya da ni. Ya koma yana da 4, ta rasu yana da 6. Ke nan zaman da Fiyayyen halitta ya yi da mahaifiyarsa da wayonsa bai wuce shekara 2 ba.

Ga yadda rabuwar ta kasance. Nana Amina ƴar Wahbu ta ɗauki ɗanta da Ummu Aimana suka nufi Yasriba, inda kabarin mijinta yake, inda kuma Banu Najjar suke, dangin mahaifiyar Abdul Muɗɗalibi. Tsakanin Makka da Madina ya kai wajen kilomita 450, kamar mutum ya tashi daga Damagaram zuwa Agadas, a kan raƙumi, cikin duwatsu da rairayi. Suka yi wata guda a can. Ibn Sa'ad ya kawo cewa bayan hijira, da Manzon Allah ya ga unguwar, ya gane gidan da suka sauka, ya tuna cewa a ruwan Banu Adiyyi ɗan Najjar ya koyi iyo. Shekara 47 sun shuɗe a tsakani, amma watan nan guda bai goge a zuciyarsa ba.

A hanyar komawa ciwo ya kama ta, ta cika a wani ƙauye da ake kira Abwa'u, aka rufe ta a can. Babu uba, babu kaka, babu baffa a wurin. Yaro ɗan shekara 6 ne da wata yarinya baiwa, baƙuwa a ƙasar, ga Makka da sauran tafiyar kwanaki. Ita ce ta kama hannunsa ta kai shi gida.

Kakansa Abdul Muɗɗalibi ya karɓe shi. Ana yi wa tsohon shimfiɗa a inuwar Ka'aba, wadda ƴaƴansa manya ba sa hawa don girmamawa, amma marayan nan yakan zo ya zauna a kai, in baffanninsa suka so janye shi sai tsohon ya hana, yana shafa bayansa. Wannan gata ma shekara 2 ya yi. Ummu Aimana ta ba da labarin cewa ta gan shi yana kuka a bayan makarar kakansa, yana ɗan shekara 8. Daga nan sai gidan Abu Ɗalibi, mutum mai girma a idon jama'a, mai yawan iyali da ƙarancin abin hannu, har yaron ya riƙa yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyansa ƴan kuɗi kaɗan, kamar yadda shi da kansa ya faɗa a hadisin Bukhari.

A gidan nan akwai wata mace da masu wa'azi ba su cika ambatonta ba, kuma ni ina ganin mun tauye ta. Ita ce Faɗimatu ƴar Asad, matar Abu Ɗalibi, mahaifiyar Sayyidina Aliyu da Ja'afaru da Aƙilu. Ɗan riƙo ya shigo mata ɗaki alhali tuwon gidan bai ishi nata ba. Mun san yadda irin wannan yake ƙarewa a gidajenmu: na gida su ci da rana, na riƙo ya kankare tukunya. Ita ba ta yi haka ba. Ta musulunta, ta yi hijira, ta rasu a Madina. Masu tarihin sahabbai sun kawo cewa Manzon Allah ya tuɓe rigarsa aka sa mata a likkafani, ya shiga kabarinta ya kwanta kafin a sa ta, da aka tambaye shi dalili ya nuna cewa bayan Abu Ɗalibi babu wanda ya kyautata masa kamarta. Mata masu riƙon ƴaƴan kishiya da ƴaƴan miji da ƴaƴan ƴan'uwa, ga ladan da ke gabanku in kun so.

Idan mutum ya jera wannan tarihi zai ga abu ɗaya yana maimaituwa. Duk hannun da yaron nan ya jingina da shi sai a ɗauke, kuma kafin ya faɗi sai a miƙo wani. Allah bai saukar da mala'ika ya goya shi ba. Talakar ƙauye ya aiko, da baiwa, da tsoho mai jiran ajali, da matar baffa mai fama da nata. Wasu malamai sun ce hikimar maraicinsa ita ce kada wani mahaluki ya ce shi ya gina shi. Wannan magana ce mai kyau, amma kada ta sa mu manta cewa yaro ne, kuma ya yi kuka.

Bayan an aiko shi, akwai lokacin da wahayi ya jinkirta masa, har wata mace daga mushirikai, wadda masu tafsiri da yawa suka ce Ummu Jamil ce matar Abu Lahabi, ta yi masa gorin cewa an yashe shi. Sai Allah ya saukar da surar da yaranmu na makarantar allo suke kira Walluha, sura ta 93, mai aya 11. Dukanmu mun wanke ta a allo tun muna ƙanana, kaɗan ne a cikinmu suka tsaya suka ga abin da ke ciki. Ubangiji ya rantse cewa bai rabu da shi ba kuma bai ƙi shi ba, sannan da ya tashi kafa masa hujja, abin da ya fara tuna masa shi ne maraicinsa da mafakar da aka ba shi. Wato abin da mutum zai ɗauka alamar an manta da shi, shi ne aka sa a gaba a matsayin shaidar kulawa. Kuma surar ba ta ƙare ba sai da ta ɗora masa nauyin sauran marayu. Wanda aka ba mafaka, an kuma umarce shi ya zama mafaka.

Ummu Aimana kuwa ta rayu ta ga dukan abin da yaron nan ya zama. Ya ƴanta ta, ta auri Ubaidu ta haifi Aimana wanda ya yi shahada a Hunainu, sannan ta auri Zaidu ɗan Harisa ta haifi Usama. Yakan ziyarce ta a gidanta a Madina. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata rana ta miƙa masa abin sha bai sha ba, ko yana azumi ne ko ransa bai so ba, sai ta hau shi da faɗa tana ɗaga murya. Wane ne a Madina zai yi wa Manzon Allah haka? Sai wadda ta kama hannunsa a Abwa'u. Shi kuwa ya ƙyale ta, domin ya san matsayinta.

Yanzu ga wurin da nake so dattijon jiya ya buɗe kunnensa. A shekara ta 6 bayan hijira, kamar yadda Ibn Sa'ad ya kawo, a tafiyar Hudaibiyya, Manzon Allah ya bi ta Abwa'u. Yana da shekara kusan 59, shugaban al'umma ne, Alƙur'ani yana sauka a kansa, an riga an yi tafiya da shi zuwa sammai. Ya je kabarin mahaifiyarsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ya yi kuka har ya sa waɗanda ke kewaye da shi kuka. A cikin hadisin akwai maganar neman izinin istigfari da ba a ba shi ba, malamai sun yi dogon bayani a kai, Imam Suyuɗi ya rubuta risaloli game da tsirar iyayen Ma'aiki, kuma ladabin da malamanmu suka koya mana shi ne kame harshe a wannan wuri. Abin da nake nuna muku shi ne hawayen. Shekara 53 bayan rasuwarta, mutumin da babu wanda ya kai shi sanin ƙaunar Allah, ya tsaya a kan kabarin uwa yana kuka. Saboda haka duk wanda ya ce maka kewar uwa raunin imani ce, ko ya ce ai ka girma ka manta, bai karanta tarihi ba. Ƙaunar Allah tana riƙe bawa ya tsaya da ƙafafunsa da miki a zuciyarsa, ba ta yi masa alkawarin share mikin a wannan gida ba.

Kuma da ya tashi koya wa sahabbai girman rahamar Ubangiji, da uwa ya yi musu misali. Sayyidina Umaru ya ba da labarin, Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa an kawo wasu ribatattun yaƙi, waɗanda Ibn Hajar ya ce na Hawazin ne, wato ƙabilar Halimatu. A cikinsu akwai wata mace da ɗanta ya ɓace, tana ta kai-komo, nono yana zuba, duk jaririn da ta samu sai ta rungume ta ba shi. Sai ya tambaye su ko suna ganin wannan za ta jefa ɗanta a wuta. Suka ce ba za ta yi ba matuƙar tana da iko. Sai ya sanar da su cewa jinƙan Allah ga bayinsa ya fi na wannan mace ga ɗanta. A Larabci ma, mahaifa sunanta rahim, kuma ita da rahama tushensu ɗaya ne. Tausayin uwa ɗiba ne aka yi daga can aka zuba mata. In ƙwaryar ta fashe, ko ta zo wofi, rijiyar tana nan.

Na san dattijon zai ce, Malam, ai Nana Amina mutuwa ta yi, ba ƙin ɗanta ta yi ba. Gaskiya ne, kuma nasa ciwon ya fi wuyar faɗa, domin wanda uwarsa ta rasu ana yi masa ta'aziyya, wanda tasa ke raye ta juya baya kuwa, ko ya faɗa cewa za a yi ya ji tsoron Allah. To ga tarihin irinsa.

Mus'abu ɗan Umairu, na gidan Banu Abdid Dar, shi ne saurayin da ya fi kowa gata a Makka. Mahaifiyarsa Khunasu ƴar Maliku mai dukiya ce, tana sa masa tufafi mafi tsada da takalman Hadaramautu, ana gane ya wuce ta ƙamshin turarensa. Ya musulunta a ɓoye a gidan Arƙamu. Usmanu ɗan Ɗalha ya gan shi yana salla ya kai labari, sai uwar da danginsa suka tsare shi. Ya kuɓuta ya bi masu hijira zuwa Habasha, da ya dawo ta yanke masa komai. Wanda ya saba da alharini ya koma sa tsumma mai faci. Shi ne Manzon Allah ya zaɓa bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko ya tura Yasriba ya karantar da Alƙur'ani. Ya sauka gidan As'adu ɗan Zurara, a hannunsa Usaidu ɗan Hudairu da Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta, kafin a yi hijira Musulunci ya shiga kusan kowace unguwa ta garin.

A yaƙin Badar, ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2, tutar Muhajirai tana hannunsa, kuma aka kama ɗan'uwansa Abu Aziz a cikin rundunar Makka. Uwar ta tambayi kuɗin fansa mafi tsada da ake biya, aka ce dirhami 4000, ta aika da su ta fanshi wannan ɗan. Shekara ta zagayo, aka fito Uhudu a watan Shawwal na shekara ta 3. Ibn Ishaƙ ya lissafa matan da suka rako rundunar Ƙuraishawa, sunan Khunasu yana ciki. Tana wancan ɓangare na fili ranar da Ibn Ƙami'a ya sare Mus'abu yana riƙe da tuta, yana zaton Manzon Allah ne ya kashe. Khabbabu ya ba da labarin cewa ba a sami abin yi masa likkafani ba sai mayafi guda, in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Manzon Allah ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhiri a ƙafafun, ciyawa ce mai ƙamshi irin noben ƙasarmu. Ɗa guda an fanshe shi da dirhami 4000, ɗaya bai sami ƙyalle mai tsawonsa ba, kuma ciki ɗaya ya haife su. Yau shekara fiye da 1400, alhazanmu suna tsayawa a gindin dutsen Uhudu suna yi wa Mus'abu sallama tare da Sayyidina Hamza.

Duk da haka shari'a ba ta ba ɗa izinin ramuwa ba. Asma'u ƴar Abubakar, mahaifiyarta Ƙutaila sakakkiya ce tun zamanin jahiliyya, ba ta musulunta tare da su ba. Da ta zo Madina lokacin sulhu tana neman alheri, Asma'u ta tambayi Manzon Allah ko ta sadar da ita, ya ce ta sadar. Ba a tambayi Asma'u abin da zuciyarta take ji ba, an dai nuna mata abin da hannunta zai yi. Ina ƙara wa dattijon da abu guda daga al'adarmu: ba kowace uwa mai shiru ce marar ƙauna ba. Mun san kunyar ɗan fari, mun san matan da aka raba da ƴaƴansu ranar yaye aka kuma rufe musu ƙofa. Wataƙila ta aiko an mayar da ɗan aiken, wataƙila kuma ba ta aiko ba. Hisabin wannan yana wurin wanda ya san abin da ƙiraza suka ɓoye. Idan tana raye ka aika mata da goron salla, idan ta rasu ka sa ta a addu'arka ta goman ƙarshe, ko da hawaye za ka yi ta.

Bukhari ya ruwaito cewa bayan shekaru, da duniya ta buɗe wa Musulmi, an kawo wa Abdurrahmani ɗan Aufu abinci yana azumi. Da ya dubi akushin sai ya tuna Mus'abu, ya ce ya fi shi alheri, ga shi an rufe shi da mayafin da bai kai ƙafafunsa ba. Ya tuna Hamza. Ya ce yana tsoron kada ya zama an gaggauto musu ladansu ne tun a nan. Sai ya fashe da kuka, har ya bar abincin bai ci ba.

A nan za mu dakata, lokacin shan ruwa ya gabato. Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki tarihin Nana Khadija da Shekarar Baƙin Ciki.